Tsohuwar da Ke Kallon Famfo

Famfon ɗakin mata na asibiti yana nan bakin ƙofa, ga sabulu, ga ruwa, amma gizo-gizo ya fi hannu kai masa ziyara. Ma'aikatan ɗakin sun yi karatu har sun gaji, sai dai wanke hannu, abin da uwa ke koya wa ɗa tun yana rarrafe, shi ne ya gagare su.

Asiri ya tonu ne da wata mai bincike ta zo daga sashen sa ido kan cututtuka. Ta bi matan da aka yi wa tiyata ɗaya bayan ɗaya, ta ga ɗinki na yin mugunya a ɗakin nan fiye da ko'ina a asibitin. Ta goga auduga a jikin gadaje da almakashi da mariƙin ƙofa, aka kai ɗakin gwaji. Ƙwayar cuta iri ɗaya ce ke yawo daga gado zuwa gado, ita kuwa ba ƙafa gare ta ba. Hannu ke ɗaukarta.

"Za mu turo wanda zai lura da ku a ɓoye," in ji mai binciken. "In abin bai gyaru ba, Sista, za a rufe ɗakin nan, kuma kujerarki ce za ta fara tafiya."

Sista Babba, shugabar ɗakin, ta riƙe maganar gam. Tun daga ranar kowa ya shigo sai ta auna shi sama da ƙasa, har mai gyaran fanka bai tsira ba.

Ana haka aka kwantar da wata matashiya da aka yi wa tiyata a gadon ƙarshe. Washegari wani magidanci ya shigo riƙe da hannun wata tsohuwa, ya ja mata kujera, ya juya ta wajen iska, ya zaunar da ita kamar wata babbar baƙuwa. Wai mahaifiyar mara lafiyar ce. To, in jinya ta zo yi, me ya sa fuskarta ke kallon famfo?

Idanunta a buɗe tar, da ƙyar take ƙiftawa. A hannunta ga carbi. Sista Babba ta yi mata murmushi, tsohuwa ko gezau. Ta ɗaga mata hannu daga nesa, ko kallon arziki ba ta samu ba. Sai ga wata nas da ake kira Ƙwalisa, mai farce zaƙo-zaƙo, ta wuce famfo ba ta tsaya ba. Ƙwas! Tsohuwa ta ja ɗan carbi guda.

Sista Babba ta janyo Ƙwalisa bayan labule. "Ke, uwar son gayu, an ƙirga ki! Kin ga waccan? Ita ce."

"Haba Sista, wannan gyatumar?"

"Da wa kike so su turo, soja da bindiga?"

Kafin azahar magana ta zaga. Ƙwalisa ta yanke farcenta tana matsar hawaye. Likitan da ake ce wa Guguwa, wanda ke duba gado biyar da numfashi ɗaya, ya koyi tsayawa gaban famfo yana cuɗa tsakanin yatsu, yana satar kallon tsohuwa ta wutsiyar ido. Masu shara suka shiga wanke abin da tun da aka gina ɗakin ba a taɓa wanke shi ba. Sabulu ya riƙa ƙarewa har mai sito ya fara zargin sata.

Tsohuwa kuwa ba yabo ba fallasa. Sai an sa mata kofin shayi a cikin hannu take karɓa, Sista Babba ta ce wannan isa ce ta manyan ma'aikata. Carbin dai bai daina tafiya ba, ko an wanke ko ba a wanke ba, abin da ya ƙara tsinka musu zuciya ke nan. Wa ya san me take ƙirgawa kuma?

Ɗinki ya fara bushewa. Zazzaɓi ya yi ƙaura. Matan da a da ke kwana suna nishi suka koma gulmar mazajensu daga gado zuwa gado.

Ranar da za a sallami matashiyar, mai bincike ta dawo da fara'arta. "Sista, ɗakinki ya zama abin misali, kujerarki ta zauna daram. Abin mamaki, mu ko mai lurar ba mu kai ga turowa ba."

Sista Babba ta yi dariyar wadda ba a yi wa wayo. Su dai masu bincike ba sa tona nasu. Ta je famfo, ta wanke hannu har gwiwa, ta zo ta durƙusa gaban tsohuwa, ta baza mata tafukanta biyu.

"Baba, kafin ki tafi, ki duba da kyau. In kin koma wurin manya, a faɗi alheri."

Tsohuwa ta karkata kunne. "Wace ce wannan, 'yar nan?"

Matashiyar ta dafe ɗinkinta don kada dariya ta farke shi.

"Sista, wa kike nuna wa hannu? Ai Inna tun kafin a haife ni rabonta da gani."