Tafin Hannu a Jikin Ganuwa

Yaya, na ji kana ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, wai aikin nan tamkar ya shigo hannu ne tunda an yi maka alkawari. Ban so in tsoma baki a gabanta ba. Amma akwai wani misali da yake ta yi mini yawo a ka, bari in sauke maka shi in huta.

Wani manomi ne, mutumin ƙasar fili, irin ƙasar nan da take shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ba kwari. A wajensu in ka hango rimin gari, to ka iso, kafin goron bakinka ya ƙare kana sallama a ƙofar gida. Da wannan ido ya tashi, da shi ya fara furfura. Asalin kakansa kuwa wani tsohon birni ne a gindin duwatsu, mai ganuwar jar ƙasa. Mutanen birnin suna da al'ada: duk shekara in damina ta ɗauke, sukan ware yini guda su yi wa ganuwar yaɓe, kowace zuriya da ɓangarenta. In an gama, kafin laka ta sha iska, 'ya'yan zuriyar sai su danna tafin hannunsu a jiki, shaidar cewa gidan yana nan da rai. Ana nan sai saƙo ya iske manomin cewa tsohon da ya rage musu a birnin ya rasu, kuma in bana ba a ga hannun jininsu a ganuwa ba, za a ba wani gida ɓangaren.

Bai yi wasa ba, ya kama hanya da wuri. Hanyar kuwa ta cikin duwatsu ta ratsa. Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo ba, sai ga shi yana kallon gajimare a ƙasan ƙafarsa. Ya sha ruwan da ke tsattsafowa daga tsagin dutse, sanyinsa har cikin haƙora. Ya ga gonaki an jera su hawa-hawa kamar matakala, ya ga awaki tsaye a inda ko ƙadangare sai ya yi shawara. Da ya kai ƙauyen ƙarshe a can ƙololuwa, ya leƙa ƙasa, sai ga birnin. Ga jar ganuwa, ga hasumiyar masallaci, har hayaƙin girki yana iya rarrabewa gida-gida. Ya tambaya, aka ce yaɓe sai jibi.

Sauran matafiya masu zuwa yaɓen kuwa, ruwa kawai suka sha, suka ƙara tamke kayansu, suka gangara. Tsohuwar da ta sauke shi ta ce, "Baƙo, in yaɓen ka zo, bi su. Dutse kam in ka dawo ka kalla, ba inda za shi." Ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, garin da ko tari na yi za su ce mini sannu?" Ta ce, "To, Allah ya sa su ji." Ya yini yana kallon ruwan da ke faɗowa daga sama, washegari ya shiga koguna, ya ci rumman har ya gaji. Ba lalaci ba ne, ba kuma mantuwa ba. Duk sa'ad da abin ya faɗo masa a rai sai ya leƙa, ya ga birnin yana nan inda ya bar shi, hankalinsa ya kwanta.

Ranar yaɓe ya yi asubanci, da niyyar ya isa da hantsi. Bai yi nisa ba hanya ta karkata, birnin ya ɓace. Ya gangara wani kwari wanda daga sama ko alamarsa bai gani ba, ya haye, ya hau wani tudun yana haki. Birnin ya sake bayyana, bai ƙara girma ko kaɗan ba. Wani kwarin kuma yana gaba, da wani a bayansa. Da azahar iska ta fara kawo masa kiɗan gayya, yana jin gangar sarai kamar a bayan kunnensa. Ya so ya yi gudu, amma gangaren dutse ba a yi masa gudu sai mai neman karaya. Wajen la'asar kiɗan ya ɗauke. A hanya ya kwana.

Rana ta take lokacin da ya shiga ƙofar birnin. Ya faɗi sunan kakansa, dattawa suka kai shi ɓangaren. An yi masa yaɓe sumul, ga tafukan hannu manya da ƙanana, na wani gida. Ya lalubi wani gefe da ba kowa, ya ɗora nasa ya danna da iya ƙarfinsa. Lakar ta bushe ƙeƙas, da zafi kamar tukunyar da aka ciro daga wuta. Ya ɗaga hannun, jar ƙura ce kawai a tafinsa, bangon kuwa ko gezau. Ba wanda ya yi masa faɗa. Suka ba shi ruwa da masauki, suka zaga da shi kasuwa da tsoffin unguwanni, irin karramawar da ake yi wa baƙo.

Abin da ke ba ni tunani shi ne idonsa bai yi masa ƙarya ba. Birnin ya gani, kuma yana nan a inda ya gan shi. Sai dai ido tsallake kwari yake yi, ƙafa kuwa dole ta sauka ta hau.

Ka ji dalilin da Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba.