Shaidar Hajja Mai Turare

Hayaƙin ne ya fara ƙular da Mushe Hassane, malamin makaranta. Yana kashe moto, wato babur ɗinsa, a ƙofar gidan Hajja mai turaren wuta, sai ya hango ɗalibarsa Yabawa durƙushe gaban kasko tana juya itace cikin narkakken sukari, idanu jawur, gumi har wuya. Abokiyar aikinta Fa'iza kuwa tana can inuwa a kan tabarma, tana ɗura turaren humra a kwalabe hankali kwance.

Mushe bai daɗe a Gure ba. Daga Doso aka turo shi lise, babbar sakandare, aka ɗora masa kulob ɗin sana'a. Da bakansi, wato dogon hutu, ya zo, shi da kansa ya rarraba ɗalibai wurin masu sana'a, wasu gareji, wasu shagon tela, 'yan matan nan biyu kuma gidan Hajja. A ranar Yabawa ta same shi, kai a sunkuye, ta ce, "Mushe, don Allah a canza mini wuri." Ya tambayi dalili, ta yi ta murza bakin mayafi. Ya ce shagwaɓa ce, ya sallame ta.

To, ga dalili nan yana gani da idonsa. Matar nan ba ta ƙaunar yarinyar ko kaɗan. Fa'iza ce "'yar albarka", Fa'iza ce ake miƙa wa hura mai sanyi. Yabawa kuwa ko sunanta bai taɓa jin ya fito daga bakin Hajja ba. Sai dai "ke", sai dai "waccan". In za ta ba ta aiki ma, bango take kallo. Dakan farcen turare nata ne, suya tata ce, awon mai da almiski duk ita, daga safe har la'asar.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne gurbin Damagaram. Wata ƙungiya ta ba kulob ɗin gurbi ɗaya tak na koyon haɗa sabulu da kayan ƙamshi, da kayan aiki ga wadda ta gama. Sharaɗin kuwa, mai sana'ar ce za ta faɗi da bakinta, a gaban kwamiti, wadda ta cancanta. Fa'iza tana da sauran shekara a lise. Yabawa ta faɗi jarrabawar bak ta kammala lise. In gurbin nan ya kuɓuce mata, sai komawa Bune wurin kakar da ta raine ta, karatu ya ƙare ke nan.

Ya kai ƙara wurin matan da ke sayen turare a ƙofar gidan. "Haba jama'a, wannan wace irin mugunta ce?" Suka kalli juna, wata ta rufe baki da gyale tana dariya. Ya hau motonsa yana huci. Mutanen garin nan, in ji shi a ransa, bakinsu ɗaya.

Ana gobe taron kwamiti ya tare Hajja a zaure. Ya ce, "Hajja, ki ji tsoron Allah. Kin san wadda ta iya aikin nan."

Ta ce, "Mushe, ka tambayi wani mana."

"Ke za a tambaya!"

Ta ja mayafi ta shige ciki, ta bar shi tsaye kamar wanda ya zo roƙo.

Ranar taro farfajiyar lise ta cika maƙil, iyaye, malamai, 'yan kwamiti a kan kujeru. Aka jera kwalaben da kowace ta haɗa. Baƙuwar da ta zo daga Damagaram ta shinshina na Yabawa, ta sake shinshinawa, sannan ta juya ga Hajja.

"Fa'iza fa, yaya aikinta?"

Hajja ta ce, "Yarinya ce mai ladabi, hannunta na da tsabta. Allah ya yi mata albarka."

"Ita Yabawa?"

Hajja ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi har goshi. Aka sake tambaya. Can da ƙyar ta ce, "Waccan... ba ni da ta cewa."

Shi ke nan, aka ba Fa'iza gurbin. Yabawa ta miƙe. Ta tattara kwalabenta a kwano ta bi bayan Hajja.

Wallahi Mushe Hassane ji ya yi kamar ya fashe. Bai jira an tashi ba ya bi su da moto. Ya tsaya a ƙofar gidan, a gaban kowa, ya zazzage abin da ke cikinsa: muguwa, mai baƙin ciki, ta ci gumin yarinya ta kashe mata gaba, kuma daga yau ba ɗalibin da zai sake taka gidan nan.

Daga cikin ɗaki ana jin kuka, irin na mai toshe baki da zane. Ya ɗauka Yabawa ce. Sai ga Yabawa a tsakar gida tana wanke kasko, ido a bushe.

Zaliha, tsohuwar maƙwabciyar Hajja, ta dogara sanda ta fito ta tsaya a gabansa.

"Ya isa haka, Mushe. Kai ka kawo ta gidan nan, ba ka tambayi kowa ba. Wace mace ka taɓa gani ta kama sunan ɗiyarta ta fari a bainar jama'a, balle ta yabe ta?"