Ni Rigar Amarya, Ita Maɓalli

"Wannan hannu naki akwai albarka," in ji Anti, mai shagon ɗinkinmu, tana ɗaga wata riga sama. Ba da ni take ba. Da 'Yar Lele take, wadda maɓalli kawai ta sa wa rigar.

Na taka keke da haushi har allura ta karye. Ni ce mai rigunan amare. Ni ke fama da leshi da duwatsu har bayana ya ƙage, amma ko sannu ban taɓa samu ba. Anti sai ta ajiye mini yadi ta wuce, in na gama ko dubawa ba ta yi. 'Yar Lele kuwa kalmasa ɗaya za ta yi, a cika shago da yabo. Kujerarta ma a ƙarƙashin fanka take.

Na ce yau dai ya isa. Na naɗe tef ɗina na awo, na nufi ɗakin yankan yadi in gaya wa Anti na bar aiki. A bakin labule na ji shessheƙa.

"Anti, ni tafiya zan yi." Muryar 'Yar Lele ce. "Kullum yabo, kullum maɓalli. Komai na ɗinka sai kin juya shi ciki da waje. Ita mai rigunan amare kuwa ba kya ko duba nata, don kin yarda da hannunta. Wallahi ko gaisuwarta ba na son amsawa."

Anti ta ɗaga labule ta gan ni tsaye.

"Ke kuma fa?"

Na ɓoye tef a bayana.

"Allura na zo karɓa, Anti."