Mabuɗan Orla Tjaden

Shekarar ta kuɓuce mini, har da sunan mai gwanjon. Abin da ya rage shi ne Orla Tjaden, tsohuwar da muka yi makwabtaka da ita a jihar Iowa ta Amurka, da mabuɗanta sama da dubu uku a cikin kwalaben zuma.

Ba ta tara na mota ko na ƙofa, sai ƙananan mabuɗan akwati. Duk Asabar tana wurin gwanjon kayan mamata. Mai gwanjon kan tsokane ta: "Uwar kurkuku ta iso! Yau wa za a saki?" Ba ta taɓa yin dariya ba.

Tana 'yar shekara bakwai suna wasan ɓuya, ƙanenta Wendell ya shige akwatin katako na auren mahaifiyarsu. Murfi ya faɗo, ya kama. Babu babba a gida. Orla ta zazzage aljihun tebur, ta kife gwangwanin allura, ta leƙa ƙarƙashin kowane gado tana neman mabuɗi, yaron yana bugawa. Can bugun ya tsaya.

Da mahaifinsu ya dawo daga gona, ya fitar da ita waje ya rufe ƙofa. Ba a jima ba ya fito da gawar yaron a hannu. Ya ce mata mabuɗin yana aljihunsa tun safe, laifinsa ne shi kaɗai. A makon ya sayar da akwatin.

Bayan shekara sittin da takwas ta gan shi a wani gwanjo. Ta gane shi da furen tagulla da ke ƙasan ramin mabuɗi. Ta saye shi a rufe, ba mabuɗi.

A lokacin 'yar 'yar'uwarta Darlene ta riga ta kama mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi, ranar Juma'a za a tafi, kuma ba a shiga da tarkace. Darlene ta ce a kira kafinta ya ɓalle akwatin kowa ya huta.

"Ba wanda zai taɓa shi," in ji Orla. "Da hannuna zan buɗe, ko sau ɗaya ne."

Kwana biyar tana durƙushe, tana zura mabuɗi tana jefarwa gefe, tana kiyaye furen kada ta karce shi. Juma'a ta zo saura kwalba huɗu. Aka ɗaga ta aka sa a mota. Ba ta kai bazara ba ta rasu.

Darlene ta bar mini akwatin. Na kai wa wani tsohon kafinta, don wannan kam na so in tabbatar. Ya ce irin waɗannan ba a taɓa yi musu mabuɗi ba, ramin ado ne kawai. Sai ya kira jikarsa 'yar shekara biyar, ta ɗora yatsa a kan furen ta danna, murfin ya tashi.