Yagar Aljihun Hagu

"Doña Zulema, wandon marigayi ne, ki ɗinke min bakin aljihun," in ji Ofelia, kanta a ƙasa.

Na juya wandon. Mijinta Casimiro shekara uku a kabari, amma yagar nan ɗanya ce shar, irin cin da ƙugiyar babbar wuƙa mai naɗewa ke yi wa aljihu. Kuma aljihun hagu. Mazan garin nan kuwa, har marigayin, a dama suke maƙala tasu.

Na ce, "Allah ya ji ƙansa, 'yar nan."

Kafin ruwan shayin mate ya yi zafi, na kai labarin gida huɗu: bazawara ta yi baƙo, bahago. Matan sai kallona suke, ba mai dariya.

Na dawo na tarar da maigidana Anselmo a tsakar gida da sukurdireba, gumi na zuba, yana mayar da ƙugiyar wuƙarsa dama. Ni na ba shi shawarar komawa hagu bara, da kafaɗarsa ta kama ciwo.

Ya ɗago. "Kafaɗar ce ta warke, tsohuwa."