Lambun Ƙamshi

A ƙofar Lambun Ƙamshi Baba ya saki hannuna.

Tun da ya makance bara, ko tsakar gida ba ya fitowa. Yau da ƙyar na lallaɓo shi wurin shaƙatawar gari. Muka wuce lambun furanni da na duwatsu.

A nan kuwa ya durƙusa, ya murza ganye, ya shinshina.

"Wa ya dasa na'ana'a a ƙasa? Za ta cinye ɗoɗɗoyar nan. A tukunya ake sa ta."

Mai kula da lambun ta matso. "Baba, ashe ka san aikin?"

"Ni na shuka lambun nan saboda makafi. Ashe kaina nake yi wa tanadi." Ya naɗe hannun riga. "Uwata, samo mini tukunya."