Ɗigo Biyu a Ɗaki na Uku

Ƙararrawa na kaɗawa, ƙofar ɗakin allo ta kulle kanta kamar yadda aka tsara. Mai kula da allon ta ture kwanon abincin ranarta gefe. Ɗaki ne mara taga, daga ita sai taswirar rumbun kayan kamfani shimfiɗe a bango, kowane ma'aikaci ɗigo ne kore a kanta.

Ɗigogin daga agogon hannu suke zuwa. Kowa na ɗaure da nasa, yana faɗin inda mutum yake da bugun zuciyarsa, in kuwa ka yi minti goma ba motsi sai ya kai ƙararka wurin manaja. Shi ya sa ma'aikata suka raɗa masa Magulmaci. Yau dai gulmarsa ta yi rana: ta ga ɗigogin suna kwarara waje, arba'in da shida cif.

Saura biyu.

Wuta ta tashi ne a ƙuryar ɗaki na huɗu, inda ake jibge katifun soso har rufi. Ɗaki na uku yana bayansa, kuma ba shi da wata mafita sai ta cikin na huɗun. A can ɗigo biyun suka maƙale, manne da juna a jikin bango. Ɗaya mijinta ne, direban motar ɗaga kaya. Ɗayan Gajere, amininsa, wanda ta sha yi wa tsiya cewa shi ne uwargida, ita amarya. Bugun zuciyar mijinta ɗari da talatin da biyu, na Gajere ma haka. Har tsoro tare suke jinsa.

Ta danna makirfo, ta kira su. Shiru, wayar lasifikar ɗakin ta ƙone. Wayoyin hannu kuwa a bakin ƙofa ake ajiye su tun safe.

Kwamfutoci biyu ke yanke hukunci a irin wannan rana. Akwai ƙarama a cikin ginin, Ƙaramin Alƙali, mai zafin nama, wanda ba ya jin maganar kowa sai ta agoguna da na'urorin hayaƙi. Akwai kuma Babban Alƙali a can wani gari mai nisa, shi ke tace hotunan kyamarori ya ga abin da ido ba zai gani ba a cikin hayaƙi, amma sai saƙo ya je ya dawo. Ƙaramin ya riga ya yi magana: babu kowa a ɗaki na huɗu, a datse ƙofofinsa a saki iskar da ke shaƙe wuta. Iskar ba ta barin wuta, ba ta barin mai numfashi. Don haka doka ta ce sai ɗan Adam ya sa yatsa.

Ta dubi ɓangaren Babban Alƙali. Wani ɗan zobe ne kawai ke ta juyawa, layi ya cushe.

Rediyo ya yi ƙara. Shugaban 'yan kwana-kwana ne.

"Baiwar Allah, sai mun fasa bango ta baya. Ki ba mu minti goma."

"Ƙofarsu ba za ta kai minti uku ba, ranka ya daɗe."

"To, me na'urarku ta ce?"

"Ƙaramar ta ce in saki. Babbar ba ta amsa ba."

"Ke ce a gaban allo."

Ya yi gaskiya, ita ce, kuma ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba. Horon da aka ba ta ya ce in da hali a jira babba. Amma wanda ya rubuta horon ba mijinsa ba ne a bayan ƙofar. Ta tuna yadda ya fito da safe idanu jajur, jaririyarsu ta hana shi runtsawa, ya karɓe ta ne don ita uwar ta huta. Zafin ƙofar na ta hawa a allo, zoben na ta juyawa.

Ta yi bisimilla, ta danna.

Cikin daƙiƙa tara jan da ke nuna wutar ɗaki na huɗu a allo ya dushe. Ɗigo biyun na nan kore shar. Ta kife kai a tebur ta fashe da kukan farin ciki, ba ta ko waiwayi Babban Alƙali ba.

Da ƙofarta ta buɗe, a guje ta zagaya bayan gini, takalmi ɗaya a ƙafa. An fasa bangon. Gajere na zaune a ƙasa yana tari, an yafa masa bargo.

"Sannu, uwargida," ta ce, dariya da hawaye a haɗe. "Ina ka kai mini shi?"

Gajere bai yi dariya ba. Ya zaro hannunsa daga cikin bargon, agogo biyu ɗaure a wuyan hannun.

"Cewa ya yi in riƙe masa kada Magulmaci ya kai shi ƙara, zai ɗan miƙe baya a kan katifun ɗaki na huɗu."